Rayyis Wadi Ya Fita Farautar Dogon Ɗan Wasa

Duk tsaunukan Labanan babu masanin ƙwallon kwando kamar Rayyis Wadi Zarur, shugaban kulob ɗin garinmu. Bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga raga ba, amma wannan tsabar tawali'u ne. A bayan idonsa Kocin Koci ake ce masa, don da an tsayar da wasa zai gangaro daga kujerar manya, ya fizge allon koci, ya zana dabarar da kullum take ƙarewa a hannun ɗan ƙanwarsa.

Bana kulob ya kai bakin faɗawa ƙaramin rukuni, sai an samo dogon ɗan wasa kafin a rufe kasuwar 'yan wasa. Waɗanda kwantiraginsu ya ƙare sun cika Bairut, amma duk wanda aka kira sai ya ce gyatumarsa ba lafiya. Rayyis ya gano dalili: "Kwarjinina suke tsoro."

Da ƙyar wani zanƙalele, Majid Tannus, ya yarda ya zo cin abinci. Aka jera kibbe, wato curin nama da alkama, da gasasshen rago. Albashi ya yi masa, gida ya yi masa, har ya fara laluben biro. Sai Rayyis ya miƙe, ya ɗauki lemon zaƙi guda.

"Ɗana, na kalli wasanninka. Gwiwar hannunka a karkace take. Duba nan."

Ya saita kwandon burodi, ya jefa. Lemo ya dira cikin gahawar limamin cocin da aka gayyato.

"Iska ce. Amma ka lura da gwiwar."

Majid ya ajiye biro. "Ranka ya daɗe, in wasa ya zo ƙarshe, wa zai jefa?"

"Ɗan ƙanwata mana! Kai ka tsaya ƙarƙashin raga, abin da ya faɗo rabonka ne."

Majid ya ce zai yi shawara da gida. Rayyis ya yi murmushin wanda ya gama ciniki, ya kira Ilyas, kyaftin, mutum ɗaya tilo da ke ci mana ƙwallo, wanda Rayyis ya ƙi sabunta wa kwantiragi wai tsakanin uba da ɗa ba takarda. Ya miƙa masa makullin motarsa.

"Kai shi Bairut. A hanya ka gaya masa yadda aiki da ni yake. Kada ka ɓoye komai."

Ilyas yaro ne mai biyayya, bai ɓoye komai ba. Majid ma ya gaya masa yadda ake aiki a wasu wuraren. Washegari hotonsu ya fito su biyu, sanye da rigar wani kulob na bakin teku.

Motar dai sun aiko da ita, an wanke ta tas.