Layin da Ya Ratsa Ɗakin Kwanana

Zuwa ga Mai Girma, Mai Dogon Alƙalami, Shugaban Hukumar Shata Mazaɓu ta jiharmu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan hannunka ya huta. Yau wata goma sha tara rabona da gida. Ina can jihar Alaska mai nisa ina feɗe kifi a masana'anta, ƙarni ya kama ni har sabulu ya sallama. A nan takardarku ta iske ni, cewa ƙuri'ar da na aiko ta gidan waya a zaɓen 'yan majalisar tarayya an jefar da ita.

Na ɗaya. Na ga sabuwar taswira. Mazaɓa ta Huɗu, inda nake zaɓe shekara ashirin da shida, ta koma kamar kazar da mota ta take. Na yarda, zane baiwa ce. Amma ranka ya daɗe, duk faɗin jihar nan, gonakin masara iya ganinka, layin bai ga hanya ba sai ta tsakiyar ɗakin kwanana?

Na biyu. Kun ce inda kan mutum yake kwana, nan ce mazaɓarsa. Matata Marlys ta juya gado, kai ya koma wajen taga don ta sha iska. Jami'inku ya zo da igiyar awo, ya auna matashin kaina, ya same shi a Mazaɓa ta Bakwai, shi ya sa kuka jefar da ƙuri'ata ta Huɗu. Matashin da rabonsa da kaina wata goma sha tara! Da na buga mata waya, cewa ta yi, "Kai Delbert, in ya dame ka dawo ka juya kayanka, ni bayana ba na gwamnati ba ne. Mutumin ma ya ci kek ɗina na kabewa yanka biyu, kuma ya yaba, abin da wani bai taɓa yi ba."

Na uku. Mazaɓu takwas gare mu. Tun ba a fara ƙirga ba, abokin aikina Ignacio ya rubuta wanda zai ci kowacce a bayan kwalin kifi, bai kuskure ko ɗaya ba. Ko hanyar jiharmu bai sani ba, taswirarku kawai ya kalla. To in haka ne, me ya sa ake wahalar da tsofaffi da layi cikin sanyin Nuwamba?

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi. 'Yar takarar da na zaɓa ta sha kaye da ƙuri'a dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida. Ban ce tawa za ta cece ta ba. So nake a goge shidan nan a rubuta biyar, domin na lashi ambulan, na biya kan sarki. Kuma lokacin da alƙalami yake hannun jam'iyyata, layin taswira ya tsaga garejin maƙwabcina Orville gida biyu, na yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu dai na aika masa kyafaffen kifi, na ba shi haƙuri.

Roƙona ƙarami ne. A matsar da layin taku biyu wajen taga. In hakan zai girgiza ƙasa, a sake turo jami'in ya kama wa Marlys gadon, akwai sauran kek.

Na shimfiɗa taswirarku, na ƙirga abin da na tsira da shi a Mazaɓa ta Huɗu: banɗaki ɗaya, rabin firji, ɗakin kare, da ƙafafuna biyu.

Naka mai biyayya, daga wuya zuwa ƙasa,

Delbert Hruska