Malamin da Bai Iya Komi ba Sai "Sake!"

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar da Madam, malamar ɗiyata, ta miƙo min alli ba.

Ni mai ɗinkin buhun albasa ne a kasuwar Malanbil. Lakwal, wato makarantar boko, shekara guda na yi, na gudu. Abin da na iya rubutawa duk duniya shi ne lambar da nake sa wa buhu: da'ira, da sanda biyu a ciki.

Da korona ta zo anka rufe lakwal, ɗiyata Ramatu ta sake min gaba ɗaya. Yarinya mai surutu kamar rediyo ta yi shiru. Ta ɗauki jakarta da safe, ta zauna bakin ƙofa, tuwo ma sai an yi faɗa. Wata rana ta ce, "Baba, karatun yana fita daga kaina." Abin ya sosa min rai.

Sai na ce, "Ɗauko littafin, ni ne malaminki." (Uwarta ta dube ni, ta shige ɗaki da dariyarta.)

Kullum bayan la'asar mu zauna kan tabarma. Ta karanta Faransanci, ni in ɗaure fuska ina gyaɗa kai. Don kar ta gane ban jin komi, can sai in daka tsawa: "Sake!" Ta sake. In ce, "Sake dai!" Haka munka yi har anka buɗe lakwal. Ta koma cin tuwo, surutu ya dawo.

Ran taron iyaye, aji cike, kowa da takunkumi, Madam ta ce yara da yawa sun manta karatu, amma Ramatu ta wuce kowa. "Baban Ramatu, taso ka nuna wa iyaye yadda kake koya mata."

Na taso. Ƙafa ta kai ni gaban allo, kai bai biyo ba. Madam ta miƙo min alli. Sai hannuna ya yi abin da ya saba: da'ira, sanda biyu.

Wani abokin aikina daga bayan aji ya ce, "Wannan buhun na Kwatanu ne ko na Gaya?" Aji ya fashe da dariya.

Sai Ramatu ta miƙe. "Madam, Baba bai iya karatu ba. Zama yake yi da ni. Ko na yi daidai sai ya ce sake, shi ya sa kowane shafi sau uku nake karanta shi."

A hanya na ce, "Ke, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko."

"To mi ya hana ki faɗa?"

"Kar ka daina zama."

Yanzu in ta karanta min, ban ɗaure fuska, ta riga ta san malaminta. Amma "sake" ɗin nan ban bar shi ba. Ilimina ke nan gaba ɗaya, kuma ya yi aiki.