Rumfar Akuyar Kaka Tasalla

Ba zan taɓa mantawa da jar akuyar Kaka Tasalla ba, ko da yake sau ɗaya tak na gan ta tsaye da ƙafafunta.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ne. Ina lakol, wato makarantar kwana ta 'yan mata a birni, kuma mu 'yan wajen Gobir muna da wata 'yar ƙungiya: babba ta riƙe ƙarama kamar ƙanwarta, in wata ta kwanta ciwo a yi mata wanki, in an aiko wa ɗaya da ƙuli-ƙuli a raba. Lafiya lau ake zaune har ranar da suka yi kuskuren zaɓena shugaba. (Ba don hankali ba ne. Na fi kowa baki, suka ga gara su ba bakin aiki.) A lokacin kullum malamarmu Madam na gaya mana ƙasa ta dawo hannunmu, kowa ya tashi ya yi aikin sa kai, ba biya ba godiya. Sauran 'yan mata suna ji suna gyangyaɗi, ni kuwa maganar ta shige ni ta hana ni zama.

Da aka ba da babban hutu na koma Gidan Sori, damina ta yi tsakiya. Innata ta ce tunda na dawo ɗuwawuna bai san tabarma ba. Gaskiyarta. Yawo nake yi gida-gida ina neman wanda zan taimaka, ko yana so ko ba ya so. Haka na faɗa gidan Kaka Tasalla, wata tsohuwa a ƙarshen gari, wadda ɗanta ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba. Ciyawa ta cinye gamanarta, wato 'yar gonarta ta kanta. A tsakar gida ga jar akuya ɗaure a turke, ruwa na dukanta. Da nonon akuyar nan take dama fura, da ita take hira, ban da ita sai wata kaza guda. Ta shimfiɗa mini tabarma, ban zauna ba. Daga tsaye na sanar da ita cewa ranar Lahadi za mu nome mata gamana, mu kuma yi wa akuya rumfa. Ta buɗe baki za ta yi magana, ni kuwa har na kai ƙofa.

Na aika wa 'yan ƙungiya. Mataimakiyata Rabi ta zo daga Cadakori da wasu 'yan tsiraru. Na dube su na ga sun yi wa shugaba irina kaɗan. Sai na nufi wajen makaɗin gari na ce ya zaga ya tara mini jama'a. Ya tambaye ni ko gayya ce, na ce ya kira ta duk abin da ya ga dama, ni dai a cika wuri. Ya kuwa rataya ganga ya bi lungu-lungu yana shelar gayya a gonar Kaka Tasalla.

Ni haifaffiyar garin ce. Na sani sarai duk wanda aka kaɗa wa gangar gayya, shi zai ciyar da duk wanda ya riƙe hauya, in bai yi ba ya sha kunya har jikokinsa. Amma wallahi ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba, don kaina cike yake da jawabin da zan yi.

Ranar Lahadi 'yan matan gari suka fito kaf, samari kuma suka biyo su, kamar yadda suka saba. Ni ban yi wani noman kirki ba. Ina nan, ina can, ina nuna wa mutanen da aka haifa da hauya a hannu yadda ake riƙe ta. Kafin azahar gamana ta yi fes, muka dawo gidan Kaka Tasalla aka kafa dirkoki, aka yi jinka, rumfa ta tsaya gwanin kyau. Rabi ta ja mini zane tana son raɗa mini wani abu, na ce ta bari sai an gama. Ta sake ja, na harare ta.

Sai ga abinci. Tuwon gero kwano-kwano, miya na ƙyallin mai, ga nama. Nama a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka kusa ƙasa! Nan take na yanke wa kaina cewa daga gidan mai gari ne, ya ji labarina ya karrama ni. (Har na fara tsara yadda zan gode masa.) Da yake ni ce shugaba, aka ajiye mini hanta da cinya. Na ci, na suɗe yatsu, na nemi ƙarin romo. Rabi ko loma ba ta kai baki ba, na ce a raina baƙin ciki take yi mini.

Da aka gama na kifa turmi na hau. Na yi magana kan sabuwar ƙasa, kan yadda 'ya'yan lakol ba za su bar talaka ya yi kuka ba. Sannan na ɗaga hannu mai maiƙo na ce a kawo akuya ta shiga sabon ɗakinta.

Ba wanda ya tashi ya kawo ta. Na zaci ba su ji ba ne, na ƙara ɗaga murya na maimaita. Makaɗi ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar gangarsa. Kaka Tasalla tana zaune bakin murhu, ta ɗago a hankali, ba fushi ko kaɗan a fuskarta.

“Ɗiyata, ai ita ce kunka ci,” ta ce. “Ɗiyan mutane sun wuni suna yi mini aiki, in sallame su da ruwa?”

Ban san yadda na sauko daga turmin nan ba. Na dubi rumfa, na dubi turke da igiya a yashe, na so ƙasa ta tsage in shige. Wata daga baya ta kasa daurewa ta tuntsire da dariya, wata kuma ta fashe da kuka. Ni ce na zo taimako, na raba tsohuwa da nononta da abokiyar hirarta, kuma ni na ci kaso mafi tsoka.

A gida innata ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai tambaye ni ko naman ya yi laushi. Da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

Ina da akuya tawa, wadda babana ya ba ni da na ci jarrabawar satifika, ga ta da ciki. Ina ji da ita ƙwarai. Da safe na kwance ta na ratsa gari da ita, tana turjewa tana kuka, mata na leƙowa ta saman darni suna tambayata ko wata gayyar za a yi. Kaka Tasalla ta ƙi karɓa, ta ce ita ba ta sayar da abincin baƙi. Sai da na zauna a tabarmar nan da na ƙi zama da farko, na roƙe ta ta riƙe mini ita irin riƙon Fulani, ta sha nono, 'ya'yan su zama nata, don gidanmu ba rumfa. Ta yi murmushi ta ɗaure ta da hannunta. Sannan ta ce, “To koma ki zamna, kin sha tahiya, ba a barin baƙo hakanan.” Na ga ta juya tana duban kazarta.

Ban tsaya sa takalmi ba, a hannu na kwashe su.

Har na bar lakol, da na miƙe zan yi jawabi sai wata ta yi kukan akuya daga baya. Ni kuwa har yau, in zan je taimakon mutum da ƙoshina nake zuwa, kuma ba na ɗaga murfin kwano sai na leƙa turke na ga kowa na nan.