Rasuwar Uwar Ɗaki, Mai Raba Lodi a Gareji

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da ba zai ɓoye wa kowa ba, Baba Mai Gareji na sanar da direbobi da masu kaya rasuwar Uwar Ɗaki, manhajar da ta shekara goma sha ɗaya tana raba wa motocinsa lodi tana buga musu takardar hanya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a ɗakin baya na ofis.

Marigayiyar ba ta san ɗan gida ko bare ba. Wanda layi ya zo kansa shi ke lodi, ko da ƙanin matar Baba ne ke huci a bakin taga. Ta ce "ting!", takarda ta fito, magana ta ƙare.

Ba tsufa ya kashe ta ba. Ashe ba ta tashi sai an fara kunna wata tsohuwar firinta da ke ƙarƙashin tebur. Dogo, injiniyan da ya haɗa ta, shi kaɗai ya san haka, ya kuwa bar aiki bara da sirrin a kansa. Injiniyoyi ukun da suka gaje shi suka ga firinta ta yi ƙura, suka ba 'yan gwangwan. Da aka buɗe fayil ɗin da suke kira "Bayani", layi ɗaya aka tarar: "Za a rubuta daga baya." Shekara sha ɗaya fa, jama'a!

Baba bai yi boko mai nisa ba, amma ko bakanike in ya kwance inji yakan jera notuna bi da bi a kan tsumma, saboda mai ɗaurawa.

Ta bar injiniyoyi uku, kowa na nuna ɗan'uwansa da baki, da direbobi sha takwas zaune a inuwa, da tumatirin mutane mota huɗu yana zubar da ruwa. Masu shi sun rantse in aka sake irin wannan, sun bar garejin har abada.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe takwas. Injiniyoyin ne za su ɗauki gawa, su kwashe ruɓaɓɓen tumatir da hannunsu, sannan su zarce ɗakin baya da biro da takarda. Bayanin da suka rubuta kan yadda ake aiki da magajiyarta, wato sabuwar manhaja, za a miƙa wa Sarkin Hanya, direban da ya fi kowa furfura. In ya bi rubutun ya fitar da takardar hanya bai tambayi kowa ba, a shafa a tashi. In ya ɗago kai ya ce, "To, daga nan fa?", a koma zaman makoki.