Rasuwar Gwaggo, Mai Bin Sawun Hayaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da har yanzu ya ƙi haɗiyuwa, Dakta ta sashen auna iska tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarta, wadda kowa a hawa na biyu ya sani da suna Gwaggo. Ta cika ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma na safe, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya, tana tsakiyar aiki, saura kwana ɗaya tak ta gama.

Marigayiya ta samo sunanta ne daga yadda take tashi. In an danna mata maɓalli sai ta yi nishi, ta ce "gurrr", ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ce "ƙit" ta buɗe ido. Ba ta da sauri, wannan ko masoyanta ba su musa ba, amma ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Aikinta ɗaya ne. Duk lokacin sanyi iska mai nauyi takan kwanta a kan unguwar kwari kamar murfin tukunya, hayaƙi ya rasa hanyar fita, mutane su yi ta shaƙar ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani amma huhu ya san da zamansu. Gwaggo ce ke yanka garin gida-gida a ƙwaƙwalwarta, Dakta ta ɗura mata ƙarfin iska da sanyin kowace safiya da yawan motoci da bututun hayaƙi, ita kuma ta zauna tana bin ƙwayoyin daga inda suka taso zuwa inda suka sauka. Lissafi ɗaya kwana goma yake cin ta.

Lissafinta na ƙarshe ba ƙarami ba ne. Ranar Litinin kwamiti zai zauna ya yanke ko a rufe gidajen burodi bakwai na unguwar kwari, waɗanda ake ɗora wa laifin hayaƙin bana. Na uku a jerin na yayan Dakta ne, wanda da tanderun nan ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Ita kuwa Dakta ta haƙƙaƙe a ranta cewa mai laifin yana kan tudu, wato masana'antar jan bulo da bututunta ba ya hutawa. Gwaggo kaɗai ce za ta iya faɗin haka a gaban kwamiti a yarda.

To, a nan ne Dakta ta fara ganin abubuwa. Oga, shugaban sashe, mutumin da ma'aikaci zai dawo daga jinya bai ce masa sannu ba, sau biyu a mako ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar lafiyar Gwaggo. An kuma gan shi yana shan shayi da mai masana'antar bulo, har da dariya. Matar da ke share ofis, wadda shekara shida tsintsiyarta ba ta san ƙarƙashin tebur ba, sai ga ta durƙushe kusa da wayar wuta wai tana kwashe yana. Dakta ba yarinya ba ce. Ta gyara lissafin yadda Gwaggo ba za ta ajiye ko layi ɗaya ba sai ta kai ƙarshe, don kada wani ya kwafi rabi ya je ya murɗe shi. Sannan ta naɗe ta da mayafi, ta sa ta a bayan mota, ta kai ta inda ta tabbata hannun Oga ba zai isa ba: ɗakin da ke bayan tanderun Yaya, inda ake jibge buhunan fulawa. Akwai ɗumi, wuta ba ta yankewa, makulli kuma ɗaya ne, yana cikin jakarta.

Ciwon ajali ya fara ne a kwana na huɗu. Fankar marigayiya, wadda aka sani da "huuu" mai natsuwa, ta koma "kirr, kirr". Dakta ta ce lallai an taɓa ta. Ta barbaɗa fulawa a bakin ƙofa don ta kama sawu, aikin da bai yi mata wuya ba, tunda ɗakin ko ba a barbaɗa ba fari ne. Ta toshe 'yar tagar da kwali kada wani ya zuro hannu. A kwana na bakwai jikin Gwaggo ya yi zafi, Dakta ta tsare masu kwaɓa fulawa ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wanda ya san Oga a cikinsu. A kwana na tara, lissafi na kan kashi casa'in cikin ɗari, marigayiya ta ce "fiuuu" a hankali, warin ƙonanniyar roba ya tashi, allon ya yi baƙi. Ta tafi da duk abin da ta gano, ba ta bar ko layi ɗaya ba, kamar yadda aka umarce ta.

Dakta ta yi kuka, ba ta kuma ɓoye ba. An kira mai gyara, wanda shi ma ba ta yarda da shi ba, don ya iso da wuri fiye da yadda ya saba. Ya kwance murfin, ya leƙa, ya ja da baya.

"Dakta, wa ya yi mata wannan aika-aika?"

Ta matso, ta kasa kunne, tana jiran suna.

"A ina kika ajiye ta? Wannan ai kunkunniya ce da fulawa, sun dunƙule sun shaƙe fankar. Baiwar Allah numfashi ta rasa."

Da labari ya kai ofis, Oga ya yi ta'aziyya da murya mai taushin da Dakta ba ta so ba ko kaɗan, ya ce a kawo gawar gaban kwamiti don a ga dalilin da babu sakamako. Kowa ya san ma'anar wannan. Wadda aka ɗauko ta wanke tanderun Yaya daga zargi, ita ce za ta kwanta a kan tebur cikinta cike da hayaƙinsa. Can a ɗakin fulawa, mai gyara ya rage murya ya ce minti biyar da abin hura iska za ta koma tas, babu mai sani. Yaya ya goge hannu a jikin rigarsa.

"Ke ƙanwata, bar shi ya hure abin nan mana. Mutum goma sha biyu ke ci a tanderun nan."

Dakta ta ɗauko takarda. Hannunta ne ya yi abin da ya saba: ta kankaro baƙin dunƙulen a takarda, ta ninke, ta kai ma'aunin ofis ta ɗora. Ta daɗe tana kallon lambar. Wannan na kwana tara ne. Yaya shekararsa ashirin da biyu a tsakanin ɗakin nan da bakin tanderu, da tarin da duk dangi suka saba kira murar sanyi. Ta dawo ta same shi yana jiran ta a ƙofa, ta ce, "Ba za a hure ba, Yaya."

Marigayiya ta rasu ta bar allo ɗaya mai tabo a kusurwa, da madannai da harafi biyu suka goge, da na'urorin auna iska uku a kan rufin ofis, marayu, suna ta aiko lambobi ba mai karɓa. Akwai kuma wata jika, siririyar kwamfuta ta riƙewa a cinya, wadda aka gwada ɗora mata lissafin ta sume tun kafin a gama shan shayi. Dakta tana so a sani cewa ba ta janye zarginta a kan masana'antar bulo ba, kuma Oga bai fita ba tukuna, shayin nan dai an sha shi.

Za a shimfiɗa gawar a kan teburin kwamiti ranar Litinin da ƙarfe goma, murfi a buɗe, ba wanki ba hurawa. Daga nan za a kai ta makwancinta a ɗakin ajiya na ƙasa, kusa da karyayyun kujeru. Ana roƙon matar da ke shara kada ta matsa kusa. Masu son yin gaisuwa su yi haƙuri sai Laraba, domin da an tashi daga zaman Dakta za ta wuce asibitin ƙirji, inda ta karɓa wa Yaya kati na ƙarfe biyu. Bai ce zai je ba, bai kuma yi mata magana ba tun ranar Alhamis, amma matarsa ta ce ya sa an goge masa riga.