Rairayin Cikin Matatar Ruwa

Da yayana zai koma Abijan, ni ya bar wa kula da pisin, tafkin wankan gidansa na Madawa. Ya ce in kira mai gyara daga Tawa, na ce me za a yi da shi?

Na buɗe matatar ruwan, na tarar da ita cike da rairayi. Na kwashe shi tas, ina hango kaina kwance bisa shuɗin ruwa, gajimare na wucewa a hankali. Ba a jima ba ruwan ya koma kore.

Dole na kira mai gyaran. Ya leƙa matatar, ya ce, "Malam, ai rairayin shi ka tace ruwan."

Har yau, in muka wuce tulin rairayi, matar yayana takan ce wa yara, "Ku tsare shi, ga Baffa nan."