Rasuwar Ɗan Hayaƙi, Babur ɗin Malam Shehu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka daɗe da daina aiki, Malam Shehu Baduku na unguwar Yakasai yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, Ɗan Hayaƙi. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar hawan lungunsu, bayan shekara ashirin da uku yana hidima.

Marigayin irin baburan da ne, masu shan fetur haɗe da baƙin mai. Gidan Malam Shehu shi ne na ƙarshe a gangaren wani lungu da Keke Napep ba ta shiga. Kafin a ga titi sai an karya kwana sau bakwai, an tsallake kwata uku. Saboda haka ne Bashir makanike ya sa wa marigayin babban haƙorin sarƙa a baya, ya gyara kafireta, ya kankare salansa. Daga nan ya haƙura da gudu, har masu keke suna wuce shi a kwalta. Amma a giya ɗaya yakan ɗauki ubangidansa ya haye tudun nan yana "tan-tan-tan", bai taɓa sa shi sauke ƙafa ba.

Ciwon ajalinsa kunya ce ta jawo shi. Baba 'Yardada mai tuyar awara ta yi ƙorafin hayaƙi na shigar mata kasko, sai Malam Shehu ya rage baƙin man don a zauna lafiya da maƙwabta. Hayaƙi ya ragu, unguwa ta yaba, fistin injin kuwa yana ƙonewa a ciki. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙit". Malam Shehu bai zargi kowa ba sai hannunsa.

Ya rasu ya bar fulogi sabo fil, da rabin galan na mai, da rumfa a Kasuwar Kurmi wadda tun ranar Talatar take kulle. Ya kuma bar dattijo ɗaya da ko masallacin Juma'a ba ya iya kaiwa.

Za a fitar da gawar ranar Asabar bayan la'asar. Da yake babu mai iya tura shi ya hau tudun da shi kaɗai yake hawa, Bashir zai kwance shi a fitar da shi a buhu uku.

Ana karɓar gaisuwa a zauren Malam Shehu. Ba a sa rana ba, ba a sa lokaci ba. Duk sa'ad da kuka zo, za ku same shi a gida.